Madubin Bindigar da Kaka Ya Zaɓa

Ni ne na murɗa shi. Gara in faɗa tun a layin farko, kafin zuciyata ta sake ba ni shawarar yin shiru. A saman madubin bindigar Kaka akwai wani ɗan murfi. Na kwance shi, na tarar da wani abu kamar maɓallin rediyo, na murɗa, ya ce ƙas. Ƙarar ta yi mini daɗi, na sake murɗawa. Na yi ta yi har yatsana ya gaji, sannan na mayar da murfin, na goge wurin da bakin rigata, na tafi cin dabino. Shekarata goma sha biyar, kuma a makaranta cewa ake yi ina da kai.

Yau kwana bakwai da isowar labarin rasuwarsa. Ba mu ga gawa ba, ba mu ɗauki makara ba. Wasiƙa ce wani direba da ya dawo daga gida ya miƙa wa Baba a ƙofar masallaci. Limamin unguwarmu ta Gubaira, a nan Riyad, ya yi masa salla ba gawa a gabansa, aka shimfiɗa tabarmi a lungu, mutane suka yi ta zuwa: direbobi, masu aikin gini da siminti har a girarsu, da ɗaliban jami'a abokan Kawu masu addu'a da Larabci mai tsawo.

Kowa da labarinsa. Da safe wani ya ce Kaka ya taɓa kashe zaki a hanyar Sudan da harsashi ɗaya. Kafin azahar zakunan sun zama uku. Da la'asar wani ya rantse da hannu ya shaƙe na huɗun. Da an ƙara mana kwana uku na zaman makoki, da zaki ya ƙare a duniya.

Umma ba ta ba da labari. Sunan Kaka aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce Baba Ƙarami. A kwanakin nan in ta buɗe baki za ta kira ni, sai kuka ya riga maganar fita. Baba kuwa bai yi kuka ba, sai dai na gan shi yana tsiyaya gahawa a kofin da ya riga ya cika.

Rana ta uku kafilinsu ya zo, wato Balaraben da takardar zaman Baba da ta Kaka suke hannunsa. Ya kawo rago da buhun shinkafa, ya zauna a tabarma kamar kowa. Ba mugun mutum ba ne. Da zai tashi ya riƙe hannun Baba ya ce, "Hajji namiji ne, wallahi. Idonsa ne kawai ya ci amanarsa."

Baba ya gyaɗa kai. Ni kuwa na shiga banɗaki na kulle, na daɗe har Umma ta zaci zawo ne. Shi ya sa nake rubuta wannan. Da Hausa nake rubutawa domin kafili ba ya karanta ta. Baba yana karantawa, kuma na san inda bulalarsa take.

Kaka maharbi ne tun daga gida. Shi da Iya, kakata, da ƙafa suka taho aikin Hajji, suna tafiya suna tsayawa suna noma a gonakin mutane, shekara bakwai kafin su ga teku. Wataƙila shi ya sa komai na duniya da taku yake auna shi. In ka ce masa gidan burodi ba nisa, sai ya ce, "Taku nawa?" In ka ce ba ka sani ba, sai ya ce to ba ka je ba, kai ka aka yi. Daga ƙofarmu zuwa masallaci taku ɗari biyu da shida. Na taɓa ƙirgawa don in kama shi da ƙarya, na samu ɗari biyu da talatin, ya ce ai ƙafar ɗan tsako ba ma'auni ba ce.

Wasa muke yi da shi kamar kowane kaka da jika, sai dai namu ya yi yawa. Ina ce masa Tsoho, yana ce mini Takwara ɗan banza. Shekara ashirin yana Riyad, amma Larabcinsa in ya doshi mai shago, sai mai shagon ya nemi tsari. Ni ne tafintansa, kuma ban taɓa fassara masa magana daidai ba in akwai abin dariya a karkacewa.

Iya ta rasu ina ɗan shekara tara, aka binne ta a nan. Kaburburan garin nan ba suna, ba alama, duwatsu ne biyu kowane iri ɗaya. Amma Kaka bai taɓa ɓata ba. Kowace Juma'a zai tsaya a ƙofar maƙabarta, ya yi sallama, ya fara taku yana motsa leɓe, ya karya dama, ya tsuguna. Ya nuna mini filin da ke kusa ya ce, "In sun yi sauri sun cike wurin nan kafin in zo, ka ce musu su matsa."

Aikinsa gadin gonar kafili ne, can cikin kwari bayan Utaiƙa, dabino da garken tumaki. Bindigar ta kafili ce, da lasisinsa, domin baƙo ba ya mallakar bindiga a ƙasar nan. Shekaru ba abin da ya taɓa garken. Sai bara da aka fara fasa duwatsu da nakiya saboda gine-gine, wani kyarkeci ya rasa gida ya sauko. Kyarkecin nan ya yi karatu. Ba ya kusanto mutum. Zai tsaya a kan tudun dutse, taku ɗari uku daga ɗakin Kaka, ya jira almuru ko ketowar alfijir, ya zagayo ya ɗauki ɗan rago. Ni na gan shi, girmansa ya kai jaki. To, ɗan jaki. To, babban kare. Amma idonsa na alƙali ne.

Ana farkon hutun makaranta kafili ya zo gona, ina wurin. Ya ce, "Ya Hajji, rago shida. Iƙamarka saura wata biyu. Ka kashe mini shi in sabunta, in kuwa aikin ya fi ƙarfinka, ka faɗa mini in nemo yaro."

Iƙama ita ce takardar zama. In ta mutu ba a sabunta ba, sai jirgi. Wannan karon daidai na fassara.

Kaka ya ce a gaya masa maharbin gaske sai ya ji warin dabba yake harbi, wannan kuwa ta ƙi matsowa. Kafili ya ce to a sa wa bindigar darbil, haka suke kiran madubin da ke jawo nesa. Ya rubuta wa wani mai shago a kasuwar Batha takarda, ya ɗaga yatsa ya ce, "Wasaɗ. Tsaka-tsaki. Ban da na wasan yara, ban da na 'ya'yan sarki."

Mai shagon mutumin Hadramaut ne, siriri, mai murmushin da ba ya kaiwa ido. Na 'ya'yan sarkin suna cikin gilashi a kulle, ko kallonsu da yawa ka yi sai ya yi tari. Ya fito mana da uku ya jera.

Na farko ɗan Japan, sabo fil, a kwali mai hoton barewa. In ka murɗa wuyansa yana jawo abu daga ninki uku har ninki tara. Zaren saitin da ke ciki siriri ne kamar na gizo-gizo. Tun kafin a buɗe kwalin na ba shi zuciyata.

Na biyu ɗan Amurka, gajere, ninki huɗu ba ƙari ba ragi. Yana nuna fili mai faɗi, mai shago ya ce ko daga kan raƙumi ya faɗo ba abin da zai same shi.

Na uku ɗan Jamus ne da wani ya yi amfani da shi ya dawo da shi, shi ya sa ya sauko cikin 'yan tsaka-tsaki. Ninki shida, baki mai faɗi, da tabo a gefe kamar wanda ya yi faɗa. A cikinsa ba zare, sanduna ne uku masu kauri, ɗaya ta taso daga ƙasa da tsini.

Na ce, "Tsoho, an gama. Ɗauki mai barewa mu tafi."

Ya ce, "Barewar za ta yi mini harbin?"

Kwana uku muna zuwa shagon nan. Ran farko da tsakar rana ya fita da su bakin titi ɗaya bayan ɗaya, ya sa ni in duba hasumiyar wani masallaci da ɗan Japan a ninki tara. Hasumiyar rawa take yi, zafin ƙasa ya mayar da ita kamar ana kallonta a cikin ruwa.

Ya ce, "Ka gani? Da dabbar da zafin duka yake jawowa. Kuma duk abin da yake da wuyan murɗawa, wata rana zai murɗe da kansa."

Ɗan Amurka bai yi rawa ba, amma da ya sa na auna wata mage a taku ɗari uku, sai ta koma kamar ƙwaro.

Rana ta biyu ya ƙi zuwa sai dab da magariba, lokacin da ake buga ƙofofi ana cewa a rufe a tafi salla. Mai shago ya riƙe kai ya ce, "Ya Hajji, madubi kake saye ko mata kake nema?" Kaka ya ce in gaya masa kyarkeci ba ya zuwa da azahar. Bai duba wuri mai haske ba. Ƙarƙashin wata babbar mota ya auna, inda duhu ya fara taruwa. Ya daɗe da ɗan Japan a ido. Sai ya ce mini a hankali, "Takwara, wannan sun manta ba su sa masa zare ba ko?"

Na karɓa na duba. Zaren yana nan, baƙi, a fili.

Na buɗe baki zan yi masa tsiya, sai na ga ya mayar da shi ido yana ta laluben zaren. Na ce, "Siriri ne ƙwarai, ni ma da ƙyar na gan shi."

Rana ta uku ya ɗauki ɗan Jamus. Mai shago ya gaya masa gaskiya, ya ce sandar tana da kauri, daga nesa za ta rufe rabin dabbar. Kaka ya ce rabin da ya rage ya ishe shi. Ni dai haushin barewata bai sake ni ba, a cikin mota na ce, "Tsoho ya zaɓi tsoho, mai tabo ya zaɓi mai tabo." Muka yi ta tafiya har muka wuce Utaiƙa. Sannan ya ce, "A cikin biyun can hazo kawai na gani. A wannan na ga ƙafar mage. Kada ka gaya wa ubanka."

Washegari aka ɗaura shi a bindiga. Ya taka taku ɗari uku har gindin tudun, ya kafa gwangwanin madara, ya dawo ya kwanta a kan buhu. Ya harba, ni na ruga na dubo inda ya sauka, ya buɗe murfin nan ya murɗa kaɗan, ya sake. A na huɗu gwangwanin ya yi tsalle sama. Tsohon nan ya miƙe ya yi rawar maharba a tsakiyar kashin tumaki, yana yi wa kansa kirari, tumaki na kallonsa. Ya naɗe madubin da wani tsohon ɗankwalin Iya, ya ce, "Daga yau ko ƙuda zai sauka a kansa, sai ya yi sallama."

Ranar Alhamis ya tafi alwala. Na zare ɗankwalin. Da farko kallo kawai na yi, na hango injinan ɗaga kaya a Suwaidi inda ake ta dasa gidaje, har da wani lebura yana cin burodi a kan bene. Sai idona ya sauka a kan murfin. Sauran na riga na faɗa.

Da asubar Juma'a kafili ya zo da 'ya'yansa biyu don su ga yadda za a yi. Gari na fara haske kyarkecin ya bayyana a kan tudu, ya tsaya a gicciye kamar wanda aka biya. Kaka ya kwanta, ya ja numfashi, ya harba. Ƙura ta tashi can sama da shi, tsayin mutum biyu. Kyarkecin ya waiwaya yana neman wanda ake harbi. Kaka ya sake, ƙura ta sake tashi a wuri ɗaya. Dabbar ta sauka a hankali ta tafi abinta.

Kafili ya juya. Ya kaɗa 'ya'yansa suka shiga mota.

Na jira Kaka ya zargi madubin. Da ya zarge shi, da ya kafa gwangwani ya gane a harbi ɗaya. Amma shi da hannunsa ya saita shi, kuma ya san abin da ya ɓoye game da idonsa. Sai ya zauna a ƙasa yana murza ido da bayan hannu, yana cewa, "Na gan shi fa. Wallahi na gan shi."

Sati biyu na yi da maganar a bakina. Ina kallo ya sa kwalli, ya ɗiga zamzam, ya ɗiga zuma har ƙudaje suka riƙa binsa. Ya sake samun kyarkecin sau biyu, ya sake kuskurewa. Raguna biyu suka ƙara tafiya. Ya daina tsokanata, ya daina tambayar taku nawa. Kullum in ce gobe zan faɗa, gobe ta zo in ga fuskarsa, in ce jibi. Tsoron duka nake ji. Abin da ya hana ni ke nan, ba wani abu mai girma ba.

Juma'a ta biyu muka je maƙabarta. Ya fara taku, ya yi nisa, sai ya tsaya cak. Lissafin ya ɓace masa. Ya koma ƙofa ya sake farawa. Da ya tsuguna, ban ji addu'ar da ya saba ba, sai na ji yana cewa, "Za su mayar da ni. Na kawo ki nan, kuma zan tafi in bar ki."

A nan na faɗa. Ban tsara ba, zubowa ta yi, da majina da komai.

Ya ɗago kai. Ya ce, "Sau nawa?"

Na ce ban ƙirga ba.

Ya ce, "Ko ɓarna ba ka iya yi da lissafi ba." Sai ya fashe da dariya a tsakiyar kaburbura, hawaye na zuba, yana cewa, "Ashe ba ni ba ne! Kin ji? Ba ni ba ne, wannan ɗan banzan mijin naki ne!" Ya sakar mini ranƙwashi ɗaya wanda har yau in na taɓa wurin ina jin sa.

Na ce mu tafi gidan kafili yanzu in gaya masa da bakina. Dariyar ta ɗauke. Ya damƙe hannuna.

"Bindigar wa?"

"Ta kafili."

"Ubanka motar wa yake tuƙawa? Takardarsa da ta uwarka da taka suna aljihun wa? Ka je ka ce masa ɗan Takari ya yi wasa da bindigarsa mai lasisi, ka ga ko mutum nawa za su hau jirgi. Bakinka alekum. Zan gyara, zan kashe shi, shi ke nan."

Harsashi huɗu suka rage masa. Ranar Asabar ya kashe uku a kan gwangwani, na ukun ya huda shi a tsakiya. Ya sa na huɗun a bindiga muka zauna jira. Asuba da almuru, asuba da almuru, yana kwance a kan buhu har gwiwar hannunsa ta saɓule. Ina roƙon Allah ya kawo kyarkeci kamar yadda ake roƙon ruwa. Kwana uku bai zo ba.

Rana ta huɗu motar kafili ta shigo da wani saurayi Badawi, Balaraben jeji, a baya. Kafili bai iya kallon Kaka ba, ya ce, "Halas, shi ke nan, ya Hajji. Ka huta."

Na buɗe baki zan faɗi gaskiya. Kaka ya taka mini ƙafa.

Saurayin ya karɓi bindigar, ya ɗaga ta wajen tudu, rana tana faɗuwa. Ya daɗe yana dubawa, ya yi fito, ya ce, "Wa ya zaɓi wannan darbil ɗin? Wannan ya san aiki."

Kaka ya ce, "Me ya ce?"

Na fassara masa daidai. Ya gyara tsayuwa. Ya ce, "Gaya masa taku ɗari uku ne, nawa ba nasa ba. Ya ɗora tsinin sandar a kan kafaɗa. In iska ta taso daga kwari ya ba ta tafin hannu ɗaya. Kuma kada ya murɗa komai."

Kawu ya zaga Riyad yana neman wanda zai karɓi takardar Kaka. Duk wanda ya ji shekarunsa sai ya ce Allah ya kawo sauƙi. Wasu suka ce ya sulale Makka ya ɓuya cikin mutanenmu, ba wanda zai sani. Ya ce da ƙafarsa ya shigo da rana tsaka, ba zai ƙare a bayan ƙyaure ba.

Ana gobe zai tafi ya ja ni gefe ya ce in riƙe: daga ƙofa taku ɗari da goma sha huɗu, a karya dama, bakwai. Ya sa na maimaita sau uku. Ina zuwa duk Juma'a. Sai dai takuna ba nasa ba ne, ina buɗe ƙafa iyakar iyawata, kuma har yau ban tabbata ko Iya nake gaisarwa ko wata baiwar Allah ba.

Saurayin ya kashe kyarkecin washegarin zuwansa, da harsashin da Kaka ya sa a bindigar, harbi ɗaya, a kafaɗa. Kaka ya hau jirgi daga Jidda bayan kwana goma sha tara. Ya yi wata biyar a garinsu, a ɗakin ɗan ƙanensa, ya rasu ranar wata Talata bayan zazzaɓin kwana biyu, aka binne shi a can. Allah ya jiƙansa, ya haɗa shi da Iya inda ba a tambayar takarda. Filin da ya nuna mini kusa da ita an sa wani a ciki tun watan jiya. Idonsa bai ci amanarsa ba. Ni ne.